Gammon gwiwa ya yage: a yanke, a ɗinke, ko a ƙyale shi?

Ranar 22 ga Mayu, 2014 aka shiga da ɗan ƙwallon Uruguay Luis Suárez ɗakin tiyata a Montevideo saboda gwiwarsa ta hagu. Ranar 19 ga Yuni, mako huɗu cif ke nan, yana fili a São Paulo yana zura wa Ingila ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya. A Janairun 2020 kuma, lokacin yana Barcelona, aka sake yi masa aiki a gwiwar dama, kulob ɗin ya ce kada a sa ran ganinsa sai bayan wata huɗu. Mutum ɗaya, kuma abu iri ɗaya ne ya lalace a gwiwoyin biyu. A karon farko yanke inda ya yage aka yi aka jefar. A karo na biyu ɗinke shi aka yi. Duk wanda likita ya nuna wa hoton MRI, mai nuna naman cikin gaɓa, ya ce masa guringuntsin gwiwarsa ya yage, tsakanin waɗannan hanyoyi biyu zai tsinci kansa, sai kuma ta uku wadda ba a cika yi wa talla ba: kada a yi aikin sam.

Abin da ke yagewar likitoci na kiransa meniskus. Ni gammo nake ce masa, don aikinsa ke nan. Wanda ya taɓa ɗaukar tulu a ka ya san ba ya zama sai da gammo, shi ke riƙe shi kada ya gangara, shi ke baza nauyin kada ya taru wuri ɗaya. Haka gwiwa take. Ƙarshen ƙashin cinya a dunƙule yake, saman ƙashin ƙwauri kuma kusan a shimfiɗe, sai Allah ya sa guringuntsi biyu a tsakaninsu, kowanne da siffar jinjirin wata, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. In kana tsaye, kusan rabin nauyin da ke ratsa gwiwa ta kansu yake bi. In ka lanƙwasa ta sosai, rabonsu ya haura kashi 80 cikin 100.

Likitoci sun daɗe ba su ga darajarsa ba. Tun 1883 Thomas Annandale ya ɗinke wa wani mai haƙar ma'adinai gammon gwiwa a Edinburgh, mutumin ya warke ya koma bakin aikinsa, amma ba a bi sawunsa ba. Shekaru da dama ana tsaga gwiwa a cire gammon ɗungurungum, ana ganin wani ragowar nama ne marar amfani. Sai a 1948 wani likitan Ingila, Fairbank, ya duba hotunan ƙashin waɗanda aka cire wa, ya ga ƙasusuwan sun matso kusa da juna, sun fara baje, gefensu yana fitar da ƙaho. A 1998 wani bincike a Sweden ya bi mutanen da aka cire wa gammo shekara 21 da suka wuce, ya samu alamar zaizayar gwiwa a hotonsu ta ninka ta takwarorinsu har sau 14. Shi ya sa yau ba mai cire shi gaba ɗaya sai in ba makawa. Gardamar da ta rage ita ce nawa za a rage, nawa za a ceto.

Abin da ke raba gardamar kuwa jini ne. A 1982 Arnoczky da Warren suka nuna cewa jijiyoyin jini ba sa shiga gammon babban mutum sai ta bakin da ke manne da bangon gwiwa, tsakanin kashi 10 zuwa 30 na faɗinsa. Sauran duk ruwan gaɓa yake sha. Kamar gona ce da ta taso daga bakin rafi ta hau tudu: abin da ka shuka a fadama zai kama, na tsakiya sai an taimaka masa, na kan tudu kuwa ko ka yi ta ɗawainiya da wuya ya fito. Likitoci na ce wa bakin nan ja, tsakiya ja da fari, can ciki fari. Zare ba ya warkar da komai, riƙe baki biyu kawai yake yi har nama ya haɗe. Inda ba jini, ranar da zaren ya gaji ranar yagewar za ta dawo.

Kafin a kai ga wuƙa, a fara raba majinyata gida biyu, don nan ne aka fi yin asarar kuɗi.

Akwai ɗan shekara 22 da ya kafa ƙafa a filin ƙwallo ya juya, ya ji ƙas, gwiwa ta kumbura kafin gari ya waye. Akwai kuma mai shekara 55 da ba ya tuna wata faɗuwa, gwiwa dai ta fara yi masa ciwo ta ciki, musamman in ya tashi daga tabarma ko zai sauka daga bene. Dukansu takardar MRI za ta ce gammo ya yage. Na farko ƙyalle ne mai ƙwari da ƙusa ta kama. Na biyu riga ce da ta sha wanki har ta fara sakin zare, kuma yagewar wani sashe ne na tsufan gwiwar baki ɗaya. A 2008 an ɗauki hoton gwiwar mutane kusan dubu a Framingham ta Amurka, ba don suna ciwo ba, don bincike kawai. A cikin mata masu shekara 50 zuwa 59, kashi 19 gammonsu ya lalace. A cikin maza masu 70 zuwa 90, kashi 56. Kuma kashi 61 na masu yagewar ba su ji ciwon komai ba a watan da ya gabata. Ashe ganin yagewa a hoto bai nuna ita ce ke hana ka barci ba.

'Yan Finland sun kai maganar ƙarshenta a 2013. Suka ɗauki mutum 146 masu shekara 35 zuwa 65, masu irin wannan yagewar ta tsufa, suka raba su biyu. Rukuni ɗaya aka yi musu aikin yankan na gaskiya. Ɗayan aka shiga da su ɗakin tiyata, aka huda fata, aka leƙa da kyamara, aka kunna na'ura tana ƙara, amma ba a yanke komai ba, kuma duk sun amince tun farko cewa ba za su san wanne aka yi musu ba. Bayan shekara guda, rukunin biyu sun samu sauƙi daidai da juna. A shekarar dai, wani bincike a Amurka kan mutum 351 masu shekara 45 zuwa sama ya gwada yanka da motsa jiki a hannun masu fisiyo, bayan wata shida ba wani bambancin kirki, ko da yake kusan kashi 30 na 'yan fisiyon sun gaji sun nemi a yi musu aikin. Norway a 2016 da Holand a 2018 sun sake gwadawa, labarin bai sauya ba. Saboda haka in ka haura arba'in, ciwon a hankali ya zo, gwiwar kuma tana miƙewa tana lanƙwasawa ba ta maƙalewa, ra'ayina ka ba fisiyo wata uku na gaskiya, ka ƙarfafa naman cinya, ka rage ƙiba in akwai. Tiyata ba za ta gudu ba. Abin da aka yanke ne ba ya dawowa.

To, saura mai raunin gaske. Shi ne zai zaɓa tsakanin Suárez na 2014 da Suárez na 2020.

Duka ayyukan biyu yanzu ta 'yan ƙananan huji ake yinsu, biyu ko uku, a zura kyamara mai kaurin fensir ta ɗaya, kayan aiki ta ɗayan. Japanawa ne suka raini wannan fasaha: Masaki Watanabe ya fara yanke gammo ta wannan hanya a 1962, almajirinsa Hiroshi Ikeuchi ya fara ɗinkewa a 1969. Yanka aiki ne mai sauƙi. A datse ɓallin da ke reto, a gyare baki ya yi sumul, a wanke, a fito, sau da yawa rabin awa ya isa. Ranar ko washegari mutum yana taka ƙafa, cikin mako biyu ya koma ofis ko shago, ɗan wasa kuma mako huɗu zuwa takwas ya koma fili. Ba a jiran komai ya warke sai hujin fata. Ɗinki kuwa ɗawainiya ce: sanduna, ɗaurin gwiwa, wata huɗu zuwa shida kafin gudu da juyi, kuma bayan duk wannan ba tabbas.

Gara a faɗi wannan rashin tabbas ɗin a fili. In aka tattara bincike-binciken da suka bi mutane shekara biyar zuwa sama, kusan ɗinki ɗaya cikin huɗu ko biyar yana kwancewa. Wani nazari na 2011 ya samu cewa a tsawon lokaci kusan kashi 4 na waɗanda aka yanke wa ne suka koma ɗakin tiyata, waɗanda aka ɗinke wa kuwa kusan kashi 21. Magoya bayan Barcelona sun ga wannan da idonsu. Ansu Fati ya yage gammon ciki na gwiwar hagu a wasansu da Betis a Nuwamban 2020 yana ɗan shekara 18, aka ce wata huɗu, sai gwiwar ta ƙi lafawa, aka sake shigarta fiye da sau ɗaya, bai dawo fili ba sai ƙarshen Satumban 2021. Wanda ya kalli wannan kaɗai zai ce ai yanka ya fi.

Amma yanka bashi ne, gwiwa ce ke biya daga baya. Duk ɗan abin da aka rage, nauyin da yake ɗauka yana komawa kan santsin da ke lulluɓe da ƙashi, shi kuma wannan santsin in ya goge ba ya tsirowa. Wani bincike na Jamus a 2010 ya duba majinyata kusan shekara tara bayan aiki: cikin waɗanda aka ɗinke wa, kusan kashi 80 hotonsu bai nuna zaizaya ta ƙaru ba, cikin waɗanda aka yanke wa kashi 40 ne kawai. Sannan gammon waje ya fi rashin yafiya. A ɓangaren waje saman ƙashin ƙwauri ɗan tudu ne, ƙashin cinya ma tudu, in aka cire abin da ke tsakani tudu ya hau tudu, nauyi ya taru a ɗan wuri kamar tsinin ƙusa. An sha ganin matasan 'yan wasa da santsin ɓangaren wajensu ya narke cikin 'yan watanni bayan yanka. Suárez a 2014 yana da kofin duniya a gabansa da albashin da zai kula da gwiwarsa har tsufa. Kai da za ka yi noma, ko tsayuwar kasuwa, ko koyarwa da wannan gwiwar shekara arba'in masu zuwa, lissafinka daban ne. Ko ɗinkin ya kwance, abin da za a yi shi ne yankan da aka guje wa tun farko, kuma sau da yawa wani sashe ya riga ya haɗe, abin da za a cire bai kai na da ba. Ka yi asarar watanni, ba ka yi asarar gammo ba. Shi ya sa ga matashi mai yagewar da za ta ɗinku, ni ɗinki nake goyon baya ba tare da jan ƙafa ba.

Wace yagewa ce ke ɗinkuwa? Wadda ta fi daɗin aiki ita ce mai bin tsawon gammon kusa da bango, cikin jan yanki, sabuwa, a gwiwar da ba ta gurɗewa. In ta yi tsawo, ɓallin ciki yakan kife ya faɗa tsakiyar gaɓa kamar mariƙin bokiti, gwiwa ta kulle ta ƙi miƙewa. Wannan ba ta jira. Kowane mako da ya wuce ɓallin yana taunewa yana canza siffa, har ya kai in an mayar da shi ba ya zama. A nan ne nake jin takaicin watannin da ake ɓatawa ana ja ana murzawa a wajen masu ɗori. Suna da gwanintarsu a karaya, amma nan ba ƙashin da ya karye, hoton ƙashi ma lafiya lau zai nuna, kuma danne kullalliyar gwiwa da ƙarfi ƙara yaga abin yake yi. Akwai kuma yagewar da ta ratsa gammon a gicciye, daga bakin ciki zuwa bango. Zaruruwan gammo zagaye suke bi kamar igiyar da aka ɗaure dami, in aka datse igiyar wuri ɗaya damin ya watse ko da sauran igiyar lafiyarta ƙalau. Da can yanke irin wannan ake yi, yanzu ana ƙoƙarin ɗinke ta in ta kai bango. 'Yar ƙarama kuwa, wadda ba ta kai santimita ɗaya ba kuma ba ta motsi, a jan yanki, sau da yawa ƙyale ta ake yi ta haɗe da kanta. Wadda ta rududduge a farin yanki ba abin ɗinkawa, a gyare ta a bar mafi yawan abin da zai baru, kuma wannan ba gazawar likita ba ce.

Abin mamaki, wanda ya haɗa yagewar gammo da tsinkewar jijiyar ACL, wadda ke tsakiyar gwiwa tana hana ta zamewa, ɗinkinsa ya fi kamawa in aka gyara su tare. Hujin da ake yi a ƙashi don dasa sabuwar jijiya yana zubo jini da ɓargo cikin gaɓar, su kuma su zama taki. Har wasu likitoci kan huda ƙashi da gangan in gammo kaɗai suke ɗinkewa, ko su cusa gudan jinin majinyacin cikin yagewar. Amma in ACL ta tsinke aka ɗinke gammo aka bar ta, gwiwar za ta ci gaba da zamewa tana tsinka zaren. Allurar nan ta ruwan jini da ake kira PRP, wadda ake caji da tsada, har yanzu sakamakon bincike a kanta bai tsaya wuri ɗaya ba, don haka ba ita ce abin sayar da gona ba.

Yanzu ga ɗinkin kansa. Hanya uku ce, kuma sunan kowacce yana faɗin inda allura ta taso da inda ta nufa.

Ta farko daga ciki zuwa waje, wadda Charles Henning ya yaɗa a Amurka a shekarun 1980. Likita yana kallo ta kyamara, ya zura dogayen allurai masu zare ta cikin siririn bututu, su huda gammon su fita ta bangon gwiwa. A gefen gwiwar, ta baya-baya, an riga an yi tsaga ta 'yan santimita, mataimaki yana zaune da wani ƙarfe mai kama da cokali yana tare alluran yana kamo su, sannan a ƙulla zaren a bayan bango. Alluran sirara ne, ba sa yi wa gammon ɓarna, ana iya jera ɗinki kusa da kusa, kowane milimita 3 zuwa 5, sama da ƙasa, goma ko fiye in ta kama. Ga doguwar yagewa irin ta mariƙin bokiti, har yau da ita ake auna sauran. Zare da allura kuma ba su da tsada. Aibinta tsagar nan da abin da ke kwance kusa da ita. Ta ciki akwai jijiyar da ke kai ji ga fatar ƙwauri, in zare ya shaƙe ta mutum ya yi ta jin dindiris ko zugi. Ta waje akwai wadda ke ɗaga tafin ƙafa, in ta taɓu ƙafa ta riƙa ja a ƙasa, ko da yake wannan ba kasafai yake faruwa ba. Tana kuma cin lokaci, tana son mataimakin da ya san aikinsa.

Ta biyu daga waje zuwa ciki, wadda aka fi dangantawa da Russell Warren, 1985. Allura mai rami irin wadda ake yin allurar baya da ita ake sokawa daga fata, ta ratsa yagewar ta ɓullo cikin gaɓa, a zura zare ta cikinta, a kamo shi da wata allurar, a ƙulla a ƙarƙashin fata. Duk asibitin da ke da kyamara yana da kayan yinta. Wurinta gaban gammo da tsakiyarsa, inda sauran hanyoyin ba sa samun kusurwa mai kyau. Can baya kuwa ba ta kai wa da daɗi, kuma can bayan ne yawancin yagewa take. Ba kishiyar sauran ba ce, mai cike musu giɓi ce.

Ta uku duk a ciki ake gamawa. Craig Morgan ya bayyana ta a 1991, kamfanoni suka ɗauka. Kayan farkon da suka fito a shekarun 1990 wasu 'yan kibiyoyi ne masu tauri da ake harbawa cikin gammon, suka zo suna karce santsin ƙashi suna kwancewa, aka yi watsi da su. Na yanzu, irin su FasT-Fix, wata 'yar na'ura ce mai allura ɗauke da ƙananan maɓallai biyu da zare mai zargen da aka riga aka ƙulla. A soka, a saki maɓalli ɗaya bayan bango, a sake sokawa a saki na biyu, a ja zarge ya tsuke. Ba tsaga, ba mataimaki na musamman, aiki ya yi sauri, kuma tana kai wa can ƙuryar baya. Amma allurarta ta fi kauri, tana barin rami babba a gammon, maɓalli kan iya kuɓucewa ko ya riƙa damun mutum, kuma a bayan gammon waje babbar jijiyar jinin ƙafa tana kusa ƙwarai, dole likita ya ƙayyade zurfin sukarsa. Sai uwa uba kuɗi. Kowace na'ura sau ɗaya ake amfani da ita, daga waje ake shigo da ita da dala, doguwar yagewa kuma tana iya cin huɗu ko shida. Haɗarin da ba a faɗa shi ne tsada ta sa a yi ɗinki biyu inda ake bukatar shida.

Wacce ta fi warkarwa? Wani nazari na 2012 da ya tattara bincike da dama ya samu ɗinkin ciki zuwa waje ya gaza a kashi 17, na duk a ciki a kashi 19, wato kusan kunnen doki. Inda suka bambanta shi ne damun jijiya, kashi 9 da kashi 2, ita kuma ta duk a ciki ta fi yawan matsalar abin da aka dasa. Don haka in likita ya ce maka shi da zare da allura ya saba, kada ka ɗauka na baya ne. In wani ya ce shi na'urar zamani yake amfani da ita, kada ka ɗauka warkewa ta tabbata. Gwanaye da yawa haɗawa suke yi a gwiwa ɗaya: na'ura a ƙuryar baya, dogayen allurai a tsakiya, allurar waje a gaba. Wurin yagewar da hannun mai aikin su ke zaɓar hanya. Kai abin da ya shafe ka shi ne ko ya iya fiye da ɗaya, kuma sau nawa yake yi a shekara.

Akwai yagewa ɗaya da ta karya dokar da na kafa a sama game da masu shekaru, kuma ta shafe mu sosai. Kowane gammo yana da saiwa gaba da baya inda ya kafu a ƙashin ƙwauri. Saiwar baya ta gammon ciki takan tsinke wa masu shekara hamsin da wani abu, galibi mata masu jiki, a kan ɗan abu kaɗan: tsugunno, tashi daga ƙasa, taka matakala. Sai a ji ɗas a bayan gwiwa da zafi mai tsanani. Likitocin Koriya da Japan sun yi rubutu da yawa a kanta, don mutanensu ma masu zaman ƙasa ne kamar mu. Wani gwaji na 2008 ya nuna in saiwar nan ta tsinke, matsin da ke kan ƙashi daidai yake da an cire gammon gaba ɗaya, don yana zamewa ne ya fice daga tsakanin ƙasusuwan. Gwiwa tana iya lalacewa cikin shekara ɗaya ko biyu. Gyaranta daban ne: a huda rami ta ƙashin ƙwauri, a ɗaura wa saiwar zare, a ja shi ta ramin a ɗaure a gaban ƙashi. Mako shida ba taka ƙafa. Tana da amfani in santsin ƙashi bai riga ya tafi ba kuma ƙafar ba ta yi baka sosai ba. In ta yi baka, wani lokaci sai an haɗa da saita ƙashin don a kawar da nauyi daga ɓangaren ciki. Uwa ko goggo da ta ce ta ji abu ya tsinke a bayan gwiwarta, kada a sallame ta da man zafi a ce sanyi ne.

Dashen gammon wani, wanda aka fara a Munich a 1984, na matashin da aka riga aka cire wa nasa ne kuma yake ciwo alhali santsin ƙashinsa na nan. Yana bukatar ma'ajiyar sassan jikin mamata da gammo daidai girman gwiwarsa. Ba shi cikin zaɓin mai sabuwar yagewa.

Abin da ya fi kayar da ɗinki a wurinmu, a ganina, ba a ɗakin tiyata yake ba, a gida yake. Bayan ɗinki yawancin likitoci kan hana lanƙwasa gwiwa fiye da digiri 90 har mako huɗu zuwa shida, su hana tsugunno mai zurfi wata huɗu ko fiye, don in gwiwa ta naɗe sosai ƙashin cinya yana murƙushe bayan gammon, daidai inda zaren yake. Takardun da ake ba majinyata a Turai mai kujera da masan zama aka rubuta wa. Mu kuwa sujada da zaman tahiya suna naɗe gwiwa har digiri 150 ko fiye, sau da yawa a yini. Masai na tsugunno ne a yawancin gidaje. Alwala a tsugune, cin abinci a tabarma, gaisuwar surukai a durƙushe. Wanda ya karɓi ɗinki ya karɓi salla a kan kujera na wasu watanni, kuma addini ya ba mara lafiya wannan sauƙin, ba abin jin kunya ba ne a sahu. Ya tanadi kujera mai huji ko masan zama tun kafin ranar aiki. Ya nemi wanda zai riƙe masa shago ko gona. Mai shan taba ya ajiye ta, don tana rage jinin da dama ƙaranci gare shi. In sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko gwiwa ta yi ja da zazzaɓi, asibiti a ranar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya san har ga Allah ba zai iya wannan kiyayewar ba, direban babbar mota ne ko ɗan acaɓa da in bai fita yau ba ba a ɗora tukunya, ya faɗa wa likita gaskiya tun farko a yi lissafin da shi. Ɗinkin da aka tsuguna a kansa a mako na uku kuɗi biyu ne da aiki biyu.

Sannan a sani, MRI ba ya yanke hukuncin ƙarshe. Sai kyamara ta shiga, likita ya sa ɗan ƙugiya ya ja gammon ya ga ƙwarinsa, sannan ake sanin zai ɗinku ko ba zai ɗinku ba, kai kuma a lokacin kana barci ko rabin jikinka a mace. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba kowane likitan ƙashi ne ke aikin kyamara ba, kuma ba kowane mai aikin kyamara ne ke ɗinki ba. Ko a manyan asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano ko Igbobi a Legas kake, ko na kuɗi a Abuja, ko ka ɗau jaka zuwa Indiya ko Masar, tambayar ɗaya ce: likita, in ka shiga ka ga zai ɗinku, za ka ɗinke? Kayan ɗinkin za su kasance a ɗakin ranar? Kuɗin da aka yanka mini ya haɗa da su, ko sai an fito a nemi 'yan uwana? In ba a shirya ɗinki ba, yanka za a yi, ko da yagewar ta fi kowacce kyan ɗinkuwa.

Bayan ka farfaɗo, kada ka bar asibitin sai da takardar aikin a hannunka: wane gammo, wace irin yagewa, an yanke ko an ɗinke, ɗinki nawa, digiri nawa aka yarda ka lanƙwasa, yaushe za ka taka. In akwai hotunan da kyamara ta ɗauka, ka karɓa. Wannan ya fi zama dole ga wanda aka yi wa aiki a wata ƙasa ya dawo gida bayan kwana goma. Mai fisiyon da zai karɓe ka a Kano ko Zariya ko Maraɗi huji biyu kawai zai gani a fata, kuma hujin yanka da na ɗinkin duk a ciki kamarsu ɗaya. In ya ɗauka yanka aka yi, a mako na biyu zai sa ka fara tsugunno.